Marigayi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa

A wannan mako za mu waiwayi rayuwar marigayi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin fada wanda har a nan ƙasar Damagaram, inda muke da namu Ma'azu Ɗan Alalo, da wuya a sami dattijon da bai san muryarsa ba.

An haifi Narambaɗa a garin Tubali na ƙasar Isa wajen ƙarshen ƙarni na 19. Mahaifinsa Maidangwale mutumin Filinge ne ta Nijar, kiɗa kuwa ta wajen mahaifiyarsa ya gaje shi. Laƙabin da duniya ta san shi da shi ya samo asali ne daga wata karyarsa mai suna Rambaɗa. Da kiɗan noma ya fara, kafin ya rungumi kotso ya shiga fadar Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, wanda ya hau gadon sarauta a 1935.

Abin lura a nan shi ne, Sarkin Gobir na Isa hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, ba sarkin yanka ba. Amma yau sunansa ya fi na sarakunan yanka da dama tashi a ƙasar Hausa, kuma waƙa ce ta yi masa wannan aiki. Narambaɗa ba ya sakin magana tsirara. Sai ya ɗauko gindin waƙa, ya yi masa ado da kirari, ya saƙa habaici ga 'yan sarki masu haƙon sarauta, ya fara ɗa ya bar wa 'yan amshi su ƙarasa. Wanda ya saurari Bakandamiya ko waƙar Dokin Iska Ɗanfilinge zai ji yadda ake jera ado bisa ado ba tare da zaren ya tsinke ba.

Sai dai na'urar ɗaukar magana ta riske shi ne da tsufa. Muryar da gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna suka yi ta watsawa, wadda daga baya ta bazu a kaset, muryar dattijo ce. Waƙoƙinsa na noma da na ƙuruciya yawanci sun bi iska. Abin da ya tsira shi ne masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suka yi nazari a kai.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, ya bar ubangidansa a kan gado. Allah ya jiƙansa.