Jacques Cousteau: Sojan da ya buɗe wa mutane hanyar ƙarƙashin teku

A watan Mayun 2006 Amurka ta nutsar da tsohon jirgin ruwan yaƙinta, USS Oriskany, da gangan a gaɓar jihar Florida, domin ya zama matattarar kifi da murjani. Masu yawon buɗe ido da ke nutso su zagaya shi a yau, da na'urar da ta samo asali daga wani Bafaranshe, Jacques-Yves Cousteau, suke numfashi.

An haife shi a ranar 11 ga Yunin 1910. Ya shiga rundunar sojin ruwan Faransa da burin tuƙa jirgin sama, sai haɗarin mota a 1936 ya karya masa hannuwa biyu. Iyon da ya riƙa yi don hannuwan su warke shi ya ja shi zuwa teku.

Kafin lokacin, galibi mai nutso ko dai ya riƙe numfashi kamar masuntan Argungu, ko a ɗaura masa ƙatuwar hular ƙarfe ana hura masa iska ta tiyo daga sama. A 1943 shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera Aqua-Lung: tukunyar iska a baya, da bawul mai sakin iska sai lokacin da mutum ya shaƙa, daidai da matsin ruwan da yake ciki.

A shekarun 1950 ya gano Thistlegorm a Bahar Maliya, jirgin dakon kayan yaƙin Birtaniya da Jamusawa suka nutsar a 1941, babura da manyan motoci na nan jere a cikinsa, kifaye sun mai da shi gida. A 1963 mutanensa suka yi wata guda a wani ɗaki ƙarƙashin ruwa kusa da Port Sudan.

Ba a rasa shi da abin zargi ba. A fim ɗinsa na 1956 da ya ci kyautar Cannes, an ga tawagarsa na fasa murjani da nakiya, abin da ba ya daɗin kallo ga mutumin da daga baya ya yi suna wajen kare teku.

Labarin da ke yawo cewa ya musulunta kuwa, gidauniyarsa ta musanta shi tun yana raye. Ya mutu a Paris a ranar 25 ga Yunin 1997, aka yi masa addu'ar jana'iza a cocin Notre-Dame.