David Douglas, mai lambun da sunansa ya zauna a bakin jama'a

An haifi David Douglas ranar 25 ga Yuni, 1799 a garin Scone na ƙasar Sikotlan. Mahaifinsa magini ne, shi kuwa bai yi nisa a makaranta ba, domin tun yana yaro ya shiga koyon aikin lambu a fadar Scone, ya shekara bakwai. Daga baya ya koma lambun tsirrai na Glasgow, inda Farfesa William Hooker ya lura da ƙwazonsa, ya gabatar da shi ga Ƙungiyar Masu Lambu ta Landan.

A 1824 ƙungiyar ta tura shi arewa maso yammacin Amurka. Jirgin ruwansu ya kewaya ta ƙarshen kudancin nahiyar, bai kai bakin kogin Kolombiya ba sai a Afrilun 1825. Wannan kogi ya ratsa tsaunukan Cascade, ya yi kwazazzabo mai tsawon kimanin kilomita 130, zurfinsa ya kai mita 1,200 a wasu wurare. Yammacinsa ruwan sama ne da duhun daji, gabashinsa kuwa fari da ciyawa, shi ya sa tsirrai masu bambancin hali suka taru a ɗan taƙaitaccen wuri. Douglas ya yada zango a Fort Vancouver, yana ratsa kwazazzabon a ƙafa da kwalekwale, 'yan ƙasa suna yi masa jagora, yana tara iri da ganye yana aikawa Landan. Tsirran da ya shigar Birtaniya sun kai kimanin 240.

A ƙa'idar da Carl Linnaeus ya kafa a 1753, kowane tsiro yana da suna mai kalma biyu a Latin: ta farko ta dangi, ta biyu ta shi kansa tsiron. Sunayen tsirran Kolombiya sun adana tarihin waɗanda suka taka yankin. Lewisia da Clarkia na Meriwether Lewis ne da William Clark, waɗanda suka bi kogin a 1805. Gaultheria shallon ya haɗa sunan wani likitan Quebec, Gaultier, da sunan da mutanen yankin suke kiran tsiron tun kafin zuwan Turawa. Wannan al'ada ta taɓa ƙasar Hausa ma, don a 1826 Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, saboda Mungo Park.

Babban abin da ake tuna Douglas da shi wata doguwar bishiyar katako ce da Turawa suke kira Douglas fir, wadda ya aika da irinta Birtaniya. Sai dai a littattafan masana sunanta Pseudotsuga menziesii, don girmama Archibald Menzies, likitan jirgin ruwa ɗan Sikotlan, wanda ya riga shi ganinta a tsibirin Vancouver. Kalmar farko ma haɗin gambiza ce: pseudo a Girkanci na nufin jabu, tsuga kuwa sunan wata bishiya ce a Jafananci. Masana sun bai wa wanda ya fara gani haƙƙinsa, jama'a kuma suka riƙe wanda ya kawo musu irin. Duk da haka John Lindley ya raɗa wa wani dangin furannin duwatsu Douglasia, kuma tsirrai da dabbobi da dama suna ɗauke da douglasii.

Aikin ya ci ƙarfinsa. Idonsa ɗaya ya daina gani, kuma a 1833 kwalekwalensa ya kife a kogin Fraser, littafin tafiyarsa da tsirran da ya tara suka salwanta. Ranar 12 ga Yuli, 1834, a gefen dutsen Mauna Kea na Hawayi, aka tsinci gawarsa a cikin ramin da aka haƙa don kama shanun daji, da bijimi a ciki. Shekarunsa 35. An binne shi a Honolulu. Irin da ya aika kuwa ya yi yaɗo: Douglas fir da Sitka spruce suna cikin manyan itatuwan katakon Birtaniya har yau.