ALKWARIZMI, MALAMIN LISSAFIN KASUWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san yadda yara kan yi tsit da zarar an rubuta musu lissafin ciniki a allo. Yaron da ke sayar wa uwarsa ƙosai da safe ba ya ɓatar da ko kwabo, amma in aka tambaye shi abu guda ɗin nan a takarda, sai ya daburce. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana labarin wani malami wanda ya san maganin abin tun da daɗewa.

Sunansa Muhammadu ɗan Musa, ana yi masa laƙabi da Alkwarizmi, domin asalinsa na ƙasar Kwarizam ne, kudu da Tekun Aral, wajen da ake kira Uzbekistan yanzu. An haife shi wajen shekara ta 780. Aikinsa kuwa a birnin Bagadaza ya yi shi, a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi sarauta daga 813 zuwa 833. Shi wannan sarki mai son ilmi ne ƙwarai. Ya tara masana a Baitul Hikima, watau gidan hikima, suna juya littattafan mutanen Girka da Farisa da Hindu cikin Larabci. Alkwarizmi yana cikinsu.

Wajen shekara ta 820 ya rubuta littafinsa na Aljabaru da Muƙabala. Daga sunan littafin nan ne Turawa suka sami kalmar aljabara. Abin mamaki, babu alamar lissafi ko ɗaya a ciki, kome da kalmomi ya bayyana shi, kamar mai hira da almajirinsa. Tun a gabatarwa ya nuna cewa don bukatun jama'a ya yi shi: ciniki, da rabon gado, da shari'a, da awon gonaki, da haƙar magudanan ruwa. Babban yanki na littafin ma a kan gado da wasiyya yake.

Akwai wani ɗan gajeren babi kan sha'anin ciniki, shi ne ya fi shafarmu. A nan ya koyar cewa kowane ciniki, ko saye ne, ko sayarwa, ko musaya, ko ƙodago, lambobi huɗu ne cikinsa. Uku an san su, ɗaya ake nema. Ya ba da misalin ɗan ƙodago mai dirhami 10 a wata, wanda ya yi aikin kwana 6 kaɗai. Nawa za a ba shi? Wata kwana 30 ne. A ninka 10 sau 6, ya zama 60, a raba da 30, sai a sami dirhami 2. Shi ke nan, ba a cuci mai aiki ba, ba a cuci maigida ba. Masanan Hindu irin su Birahmagubta sun riga shi sanin hanyar nan, amma shi ya shimfiɗa ta da Larabci yadda ɗan kasuwa da alƙali za su iya aiki da ita.

Mu gwada da namu. Tela ya ɗinka riguna 4 da yadi 12. Yadi nawa zai nema don riguna 7? A ninka 12 sau 7, ya zama 84, a raba da 4, amsa yadi 21. Hanya ɗaya ce da ta ɗan ƙodago, sai dai kaya suka sake.

Ba nan aikinsa ya tsaya ba. Ya rubuta littafi kan lambobin Hindu, 1 zuwa 9 da sifiri, waɗanda muke rubutawa kullum. Ya tsara jadawalin tafiyar rana da wata da taurari. Ya kuma yi littafin siffar duniya, inda ya gyara waɗansu kurakuran Batalimusa, ya ba da matsayin wurare fiye da 2,000. Ya rasu wajen shekara ta 850. Bayansa da kusan shekara 300, a 1145, wani Bature mutumin Ingila, Robat na Cesta, ya juya littafin Aljabaru cikin Latin, ilmin ya bazu cikin Turai. Sunansa da Turawa suka karkatar shi ne ya zama kalmar algoridim, wadda masu aikin kwamfuta ba su rabuwa da ita.

To, 'yan'uwa, ga abin lura. Mutumin da ya zauna a fadar halifa yana lissafin taurari bai raina kuɗin ɗan ƙodago ba. In muka fita koyarwa, kada mu fara da ƙa'ida a allo. Mu fara da mudu da yadi da ƙosai, abin da yaro ya riga ya sani, mu sa shi ya nemo lambobin nan uku da kansa. In ya same su, ta huɗun ba za ta gagare shi ba.