John Desmond Bernal, masanin da ya leƙa cikin bakin fensir

Duk ɗan kasuwar da ke sarin fensir ko wayar salula tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko tsakanin Illela da Ƙonni, yana ɗauke da wani baƙin ma'adini da masana ke kira girafait. Shi ne ake cuɗawa da yumɓu a yi bakin fensir, kuma yana cikin batirin wayar da ke aljihunmu. A yau mun kawo wa masu karatu tarihin mutumin da ya gano yadda cikin wannan ma'adini yake.

An haifi John Desmond Bernal ranar 10 ga watan Mayu na 1901 a garin Nenagh da ke ƙasar Ayalan. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Amurka ce. A 1919 ya shiga jami'ar Kambirij a Ingila, inda abokansa suka laƙaba masa suna mai ma'anar masani, saboda babu fannin da za a taɓo ya rasa abin cewa. Da ya kammala sai ya koma Landan a 1923, ya kama aiki a ƙarƙashin William Henry Bragg, wanda shi da ɗansa suka samu kyautar Nobel a 1915 kan amfani da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti wajen gano yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin ma'adinai.

Aikin da ya fito da sunansa shi ne na girafait. Abin da ya ɗaure wa masana kai a lokacin shi ne, girafait da lu'ulu'u duk sinadari guda ne, wato kabon, irin na gawayi. To me ya sa lu'ulu'u yake yanka gilashi kuma lantarki ba ya bi ta cikinsa, shi kuwa girafait ga laushi ga wucewar lantarki? A 1924, yana ɗan shekara 23, Bernal ya fitar da amsa. Ƙwayoyin girafait a shimfiɗe suke falle-falle, kowane falle da zubin saƙar zuma, an ɗora wani kan wani kamar tabarmi a rumfar mai sayarwa. A cikin falle ƙwayoyin sun riƙe juna gam, amma tsakanin falle da falle riƙon sako-sako ne. Shi ya sa idan an goga fensir a takarda fallayen ke zamewa su bar rubutu, shi ya sa kuma lantarki ya fi gudu a kwance cikin falle fiye da tsallakawa daga wani zuwa wani. Siririntarsu ta kai a ce kaurin milimita ɗaya ya ƙunshi falle kusan miliyan 3.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda aka ɗora su. Falle na biyu ba ya zama daidai kan na farko, ya ɗan goce, ta yadda rabin ƙwayoyinsa ke kan na ƙasa, rabi kuma kan ramukan saƙar. Na uku sai ya koma mazaunin na farko. Wannan jeri shi ake kira jerin Bernal har yau, kodayake wasu masana biyu, Hassel da Mark, sun cimma irin wannan sakamako a Jamus a shekarar.

Bernal bai tsaya nan ba. A 1934 shi da ɗalibarsa Dorothy Hodgkin suka ɗauki hoton farko mai kyau na tsarin wani furotin, a 1937 kuma ya zama farfesa a kwalejin Birkbeck. A yaƙin duniya na biyu yana cikin masanan da suka yi nazarin gaɓar tekun Nomandi kafin dakarun ƙawance su sauka Faransa a 1944. Ɗalibansa biyu, Max Perutz da Dorothy Hodgkin, sun samu Nobel a 1962 da 1964. Shi bai samu ba. Ya kan buɗe hanya ne ya bar wa wasu, ya nufi wata.

Ba za mu ɓoye inda ya yi tuntuɓe ba. Bernal ɗan kwaminisanci ne na gani-kashe-ni, har ya karɓi kyautar zaman lafiya ta Stalin a 1953. Ya kuma goyi bayan Lysenko, wanda ya yaɗa ilimin gona na bogi a Tarayyar Sobiyet, alhali babban masanin tsirrai Vavilov ya mutu a kurkuku a 1943 bayan ya yi jayayya da shi. A ganinmu, mutumin da ya san darajar hujja kamar Bernal ba shi da uzuri a nan. Ya yi fama da shanyewar jiki a ƙarshen rayuwarsa, ya mutu a Landan ranar 15 ga Satumba na 1971.

Shekara 33 bayan mutuwarsa, a 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov na jami'ar Manchesta suka ɓare falle guda tak na girafait da salatif, abin da ake kira girafin, wanda ya ba su Nobel a 2010. Daga nan ne maganar jeri ta nuna ƙarfinta. Falle biyu a jerin Bernal ana iya toshe musu wucewar lantarki a kuma buɗe, abin da falle guda ba ya yarda da shi. A 2018 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka karkata falle na sama da digiri 1.1 kacal, sai lantarki ya riƙa wucewa ba tare da asarar komai ba. Haka ma maganaɗisu: a 2017 an gano cewa falle guda na wani sinadari na kuromiyam da aidin maganaɗisu ne, amma idan an ɗora biyu sai su fuskanci juna su kashe ƙarfin juna, a ɗora na uku ƙarfin ya dawo.

Kada dai mai karatu ya fara neman wannan haja a kasuwa. Gwajin 2018 ya yi aiki ne a sanyin da ya kai kusan digiri 271 ƙasa da daskarewar ruwa, a kan ɗan guntun da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa.