Ad Reinhardt, mutumin da kati ya kasa ɗaukar zanensa

Shekarun baya, lokacin da nake bin tirelar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Legas, na sayi wani tsohon littafi a wajen masu baza littattafai a Yaba. A cikinsa na tsinci kati irin na gaisuwa da ake aikawa ta gidan waya. Gabansa baƙi ne ƙirin, ba hoto ba rubutu. A bayansa an buga sunan wanda ya yi zanen, Ad Reinhardt. Ni dai na ɗauka injin buga katin ne ya samu matsala. Da na dawo gida na nuna wa kawuna, wanda ya tsufa yana yi wa manyan motoci fenti da zanen zaki da dawisu, ya yi dariya ya ce ko yaron shagonsa ba zai karɓi kuɗi a kan wannan ba. Abin ya tsaya mini a rai, har na bi diddigin mutumin.

An haife shi ranar 24 ga Disamba 1913 a garin Buffalo na Amurka, iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga Turai. A New York ya tashi, ya karanta tarihin zane a Jami'ar Columbia daga 1931 zuwa 1935. Lokacin Amurka na cikin matsin tattalin arziki, sai ya samu shiga shirin gwamnati na ɗaukar masu zane aiki. Ya kuma yi wa jaridu zanen barkwanci, don haka kada a ce hannu ne bai da shi. A 1943 shi ya yi hotunan wani ɗan littafi da masana biyu, Ruth Benedict da Gene Weltfish, suka rubuta don nuna cewa babu launin fatar da ya fi wani. Rundunar sojan Amurka ta ƙi raba wa sojojinta littafin. Shi kansa ya yi aikin sojan ruwa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1947 kuma ya kama koyarwa a Kwalejin Brooklyn har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi yawon duniya da kyamara, ya je Indiya da Iran da Masar da Turkiyya, yana ɗaukar hoton masallatai da tsofaffin gine-gine don ɗalibansa.

To ina baƙin ya fito? Da farko zanensa launi ne kala-kala. Sannu a hankali ya riƙa ragewa, ya koma ja zalla, ya koma shuɗi zalla. Daga wajen 1960 ya tsaya kan abu guda: ƙyalle mai ƙafa biyar tsawo, ƙafa biyar faɗi, an raba shi gida tara. Kowane gida baƙi ne, amma wani an ɗiga masa ja kaɗan, wani shuɗi, wani kore. Yakan tsinka fentin ya bar shi ya kwanta, ya tsiyaye man da ya taso sama, don kada zanen ya yi ƙyalli. Idan ka shigo ka kalla, baƙi kawai za ka gani. Sai ka tsaya na wasu mintoci, ido ya saba kamar wanda ya shiga ɗaki daga rana, sannan gidajen su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Ashe shi ya sa katina bai nuna komai ba. Kyamara da injin bugu ba sa iya kama wannan ɗan bambancin, sai su haɗa shi ya zama baƙi guda. Zanen kuma ba ya jure taɓi, yatsa ɗaya ya isa ya bar masa tabo, har ta kai ana gitta igiya a gabansa. Waɗanda aka dawo masa da su a ɓace, da hannunsa yake sake musu fenti. Ya sha ba'a, amma bai sauya hanya ba. A ƙarshen 1966 aka yi babban baje kolin aikinsa a New York. A 1967 ya tsara wani kati na gidan waya yana adawa da yaƙin Vietnam, ranar 30 ga Agusta na wannan shekarar kuma ya mutu sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 53.

'Yan'uwa na Agege da Sabon Ibadan da Shagamu, kun san dalilin da ya sa labarin nan ya kama ni. A Potiskum akwai Ngizim, akwai Karekare, akwai Bolewa, ga Fulani, ga Barebari, ga Hausawa, kowa da harshensa da tarihinsa. Amma da zarar mun sauka daga mota a Kudu, duk suna ɗaya ake kiranmu da shi, kuma in mutum ɗaya ya yi laifi sai a shafa wa unguwa baki ɗaya. Mun ga yadda ƙaramar rigima ta cinye kasuwar Shasha a Ibadan a 2021. Mu ma fa kada mu wanke kanmu. Sau nawa muke kiran duk wanda ya fito daga gabas Ibo, alhali wani Efik ne, wani Ijaw? Kallon nesa da sauri haka yake yi, ya haɗe komai kamar yadda katin ya yi.

Kawu bai yarda ba har yau. Ya ce sai ranar da ya ga zanen da idonsa, kuma wallahi na ba shi gaskiya, don shi ma mai zanen abin da ya nema ke nan daga masu kallo. Katin yana nan manne a bangon shagonsa. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.