Hans Christian Gram: Likitan da Ya Rina Ƙwayoyin Cuta

A filinmu na tarihin manyan mutane na wannan mako, mun kawo muku labarin wani likita ɗan ƙasar Denmak da ya rasu tun 1938, amma har yau kullum sai an ambaci sunansa a ɗakin gwaje-gwaje na asibitoci. Duk wanda aka taɓa karɓar kakinsa ko mugunyar marurunsa aka kai gwaji, mai yiwuwa ya ci moriyar aikin wannan mutum bai sani ba.

An haifi Hans Christian Gram ranar 13 ga Satumba, 1853, a birnin Kofanhegin. Mahaifinsa farfesa ne na fannin shari'a, amma shi hankalinsa ya fi karkata ga kimiyya. A Jami'ar Kofanhegin ya fara da nazarin tsirrai, a nan kuma ya saba da madubin likita, na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya iya gani. Daga baya ya karanta likitanci. Bincikensa na farko a kan jajayen ƙwayoyin jini ne, yana auna girmansu a jikin masu lafiya da masu ƙarancin jini.

Kamar sauran matasan likitocin zamaninsa, ya tafi Jamus ƙaro ilimi. A 1884, yana ɗan shekara 30, yana aiki a ɗakin ajiye gawa na wani asibitin birnin Balin tare da likita Carl Friedländer. Suna duba huhun mutanen da ciwon nimoniya ya kashe, suna neman ƙwayar da ke jawo shi. Matsalarsu ita ce bakteriya ƙanana ne ƙwarai kuma kusan ba su da launi. In aka zuba rini don a gan su, sai naman huhun ma ya rinu, komai ya zama launi ɗaya.

Gram ya yi ta gwadawa har ya dace. Ya fara zuba rini mai launin shunayya, ya bi shi da ruwan aidin, sannan ya wanke da sifirit. Sai rinin ya fita daga naman huhun, ƙwayoyin cutar kuwa suka riƙe shi, suka fito fili. Ya kuma lura cewa akwai waɗanda ba sa riƙe rinin, irin ƙwayar taifot, da an wanke sai launinsu ya zuba. Shi burinsa kawai ya ga ƙwayoyin da kyau, amma wannan bambanci da ya lura da shi ne ya zama babban abu. Ya buga sakamakonsa a wata mujallar likitoci ta Jamus a wannan shekara. A ƙarshen rubutun ya faɗa wa masu karatu cewa hanyar tasa ba ta kammalu ba, yana fatan wasu za su gyara ta. Haka kuwa aka yi: na bayansa suka daidaita matakan, aka riƙa ƙara jan rini a ƙarshe don a ga waɗanda launinsu ya zuba.

Ga yadda ake yi a yau. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai shafa kaki ko mugunya a kan ɗan gilashi, ya bari ya bushe, ya ɗan gifta shi a kan wuta don ya manne. Sai ya zuba rinin shunayya kamar na minti ɗaya, ya ɗauraye, ya zuba aidin, ya wanke da sifirit na 'yan daƙiƙoƙi, ya ƙarasa da jan rini. In ya duba a madubi, waɗanda suka fito shunayya su ne masu riƙe rini, ana ce musu Giram-fozitif. Waɗanda suka fito ja-ja ko ruwan hoda su ne Giram-negetif. Matakin wankewa ya fi buƙatar kula, domin in sifirit ya daɗe, mai riƙe rini ma sai ya zubar, sakamako ya fito ba daidai ba.

Me ya sa wasu ke riƙewa wasu ba sa riƙewa? Sai bayan zamanin Gram aka fahimci dalili sosai. Ƙwayoyin Giram-fozitif suna da bango mai kauri da ya kewaye su, rini da aidin suna haɗuwa su maƙale a ciki. Na Giram-negetif bangonsu siriri ne, ga wata fata a waje da sifirit ke lalatawa, sai rinin ya fice. Kamar yadi ne, wani yana riƙe rini, wani wankin farko ya zuba.

Bayan launi, ana duba siffa. In ƙwayoyin shunayya ne, masu zagaye, sun cure kamar nonon inabi, ana zargin Sitafilokokas, mai yawan jawo maruru da ruɓewar rauni. In sun jeru kamar carbi, Sitireftokokas ne, wanda wani nau'insa ke sa ciwon maƙogwaro. In bibbiyu suke, musamman a kaki, ana zargin ƙwayar nimoniya. Don a tabbatar, ana shuka su a faranti na musamman su yi girma cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai a ɗiga musu ruwan haidurojin ferokzayid, irin na wanke rauni: Sitafilokokas zai yi kumfa, Sitireftokokas ba zai yi ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mun san yadda sanƙarau ke zuwa yankinmu lokacin zafi. Ƙwayar da ta fi jawo annobarsa Giram-negetif ce, amma ƙwayar nimoniya, wadda take Giram-fozitif, ita ma tana sa sanƙarau. Idan aka ɗebi ruwan ƙashin bayan mara lafiya aka rina, cikin 'yan mintuna likita zai sami haske kan wace ce, kafin sakamakon shuka ya fito. Maganin da ke kashe wata ƙwaya ba lallai ne ya kashe wata ba. Shi ya sa shiga kemis a sayi kafso ba tare da an ga likita ba ke iya zama asarar kuɗi, kuma yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Shi Gram bai ci gaba da binciken bakteriya ba. Ya koma gida, ya zama farfesan ilimin magunguna a Jami'ar Kofanhegin a 1891, sannan farfesan likitanci a 1900. Ya duba marasa lafiya, ya koyar da ɗalibai, aka buga darussansa cikin littattafai huɗu, ya yi ritaya a 1923. Ya rasu ranar 14 ga Nuwamba, 1938, yana da shekara 85. Bai ga lokacin da fenisilin ya yaɗu a asibitoci ba, maganin da ya fi tasiri a kan ƙwayoyi da yawa masu riƙe rininsa. A 2019 kamfanin Google ya sa hotonsa a shafinsa na farko don tuna ranar haihuwarsa.

Abin da ya fi burge mu shi ne kayan aikinsa ba su wuce rini, aidin, sifirit da madubi ba, kuma bai raina abin da bai fita nema ba da ya gan shi. Muna roƙon malaman kimiyya, ranar da za a shiga ɗakin gwaji, a bar kowannenmu ya leƙa madubin da idonsa, ya zana abin da ya gani.

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida.