Amadu Hampate Ba, Dattijon Bandiyagara Mai Labarin Kaidara



A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani dattijo Bafillace na ƙasar Mali, Amadu Hampate Ba, wanda ya rasu a Abijan a 1991. Mu da muka yi karatun mushe, a kalas muka fara jin sunansa, cikin littattafan Faransanci. Sai da muka girma muka koma musu a natse, muka tarar da hirar tsofaffi ce irin wadda ake yi a ƙofar gidajenmu bayan lisha. Muna roƙon wanda ya iya boko ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman 'yan'uwa da suka daɗe ba su zo gida ba, don akwai wani wuri a cikin labarin da ya shafe su.

ASALINSA DA YARINTARSA

An haife shi a Bandiyagara, cikin ƙasar Dogon, wajen 1900, lokacin da Mali take ƙarƙashin mulkin Faransa. Ubansa, Hampate, daga babban gida ne na Fulanin Masina. Bayan da Alhaji Umaru Futi ya ci birnin Hamdallahi a 1862, yaƙe-yaƙe suka biyo baya, aka kashe mazan danginsa da yawa, shi kuwa ya tsira yana saurayi ta hanyar ɓuya wajen wani mahauci a Bandiyagara. Uwarsa, Kadija, 'yar Pate Pullo ce, makiyayin da ya bar shanunsa ya bi Alhaji Umaru. Ke nan yaron ya gaji jinin ɓangarori biyu da suka yi gaba da juna, kuma wannan ya bi shi har tsufansa, don duk rayuwarsa mutum ne mai neman sulhu.

Ubansa ya rasu yana ɗan shekara uku. Mijin uwarsa, Tijani Tiyam, sarkin Luta, shi ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Nasara suka tuɓe Tijani, suka ɗaure shi, suka kai shi Buguni, can ƙasar Bambara. Kadija ba ta zauna tana kuka ba, ta kwashe kayanta ta bi mijinta. A can yaron ya koyi Bambaranci. A gidan Tijani kuma akwai wani gwanin ba da labari mai suna Kullel. Yaron yakan zauna a gefe ya saurara da dare, gari ya waye ya tara yara 'yan'uwansa ya maimaita musu. Daga nan aka laƙaba masa suna Amkullel, wato ƙaramin Kullel.

Da suka koma Bandiyagara aka sa shi makarantar allo wajen Cerno Bokar, malamin Tijaniyya wanda sana'arsa ɗinki ce da aikin riga. A 1912 aka kama shi aka sa shi lakwal, kamar yadda aka yi wa kakanninmu a nan. Ya wuce Jenne, a 1915 kuma ya gudu ya tarar da uwarsa a Kati, daga baya ya ci gaba da karatu a Bamako.

AIKI A ƘASAR WASU

A 1921 ya ci jarrabawar shiga babbar lakwal ta Wiliyam Ponti da ke tsibirin Gore a Senegal, wadda ta horar da manyan ma'aikata na farko na ƙasashenmu. Uwarsa ta ce karatun Nasara ya isa haka. Ya bi maganarta. Gwamna ya yi fushi, ya hore shi da aika shi Wagadugu a matsayin ɗan ƙaramin magatakarda wanda ana iya kora ko da wace rana. Ya kama hanya, wani wuri a jirgin ruwa, wani wuri a ƙasa. A wannan tafiya ya fara abin da bai daina ba har mutuwarsa: duk inda ya sauka sai ya nemi tsofaffi da maroƙa, ya saurare su, ya rubuta a littafi.

Ya yi kamar shekara goma yana aikin buro a garuruwan ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. A 1933 ya samu hutun wata shida. Maimakon ya yi ta yawon gaishe-gaishe, sai ya je Bandiyagara ya tare wajen Cerno Bokar, yana ɗaukar karatu yana rubutawa.

Ƙarshen wannan malami akwai ban tausayi. Saɓani ya tashi cikin 'yan Tijaniyya a kan karanta Jauharatul Kamali a wazifa, ƙafa 11 ko ƙafa 12. A 1937 Cerno Bokar ya je Niyoro wajen Sharif Hamallah, ya koma bin 11. Mutanen garinsu, har da dangi, suka juya masa baya, aka watse makarantarsa, ya rasu a 1940 kusan shi kaɗai, bai zagi kowa ba. Nasara suna zargin mutanen Hamallah, saboda haka almajirin ma ya shiga matsi a Bamako. Wani masani Bafaranshe, Tewodor Mono, shi ya fid da shi a 1942, ya ɗauke shi aiki a cibiyar bincike ta IFAN. Aikin da yake yi don sha'awa ya zama aikin albashi. Daga wannan yawo ya fitar da tarihin daular Fulanin Masina a 1955, da littafin rayuwar malaminsa a 1957.

Bayan Mali ta samu mulkin kai a 1960, ya wakilce ta a taron UNESCO, inda ya ja hankalin duniya cewa mutuwar kowane tsoho masani hasara ce ta ilimin da ba a rubuta ba. Ya zauna a majalisar zartarwa ta UNESCO daga 1962 zuwa 1970, ya kuma yi jakadancin Mali a Kwaddibuwa. Yana cikin waɗanda suka yi aikin taron Bamako na 1966, inda aka daidaita baƙaƙen rubuta Fillanci, Hausa, Zabarmanci, Barbarci, Buzanci da harshen Mande. Mu masu rubuta Hausa da boko a Nijar muna da rabo a wannan taro.

LABARIN KAIDARA

Cikin littattafansa, wanda muke so mu tsaya a kai shi ne Kaidara, wanda aka buga da Fillanci da Faransanci a 1969, aka sake fitar da shi a zube a 1978. Tsohuwar tatsuniyar Fulani ce ta horon mutum, wadda tushenta ya girmi zuwan Musulunci wajensu. Shi Amadu Musulmi ne mai riƙo da ɗariƙa, ya ɗauke ta a matsayin misali. A ganinsa tatsuniya hawa-hawa ce: yaro ya ji ya yi dariya, babba ya ji ya yi tunani.

Mutum uku ne, Hammadi, Hamtudo da Demburo, suka gamu a mararraba, suka shiga wata ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa. Suna tafiya suna ganin abubuwan mamaki, kowane kuma ya ƙi faɗa musu ma'anarsa. Suka ga hawainiya, da jemage, da kunama. Suka ga tafki cike da ruwa wanda ba ya shayuwa, ga ƙishirwa tana cin su. Gaba kaɗan suka ga ɗan sawun barewa da ruwa a ciki, suka sha suka ƙoshi, ruwan bai ƙare ba. Suka ga wani mutum da ya tara itace, ya kasa ɗauka, maimakon ya rage sai ya koma ya ƙaro. A ƙarshe suka isa gaban Kaidara, mai zinariya da sani, mai kai 7, hannu 12, ƙafa 30, wato kwanakin mako da watannin shekara da kwanakin wata. Ya ba kowannensu takarkari uku ɗauke da zinariya.

To, a hanyar komowa ne halin kowa ya fito. Demburo ya yi niyyar neman sarauta da tasa. Hamtudo ya yi niyyar fatauci don ya ninka ta. Hammadi kuwa abin da ke damunsa shi ne ma'anar abubuwan da suka gani. Suka tarar da wani tsoho mai tsumma a gindin itace. Biyun suka yi masa dariya. Hammadi ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa hidima, ya nemi ya koya masa wani abu. Tsohon ya ba shi gargaɗi uku, kowane a bakin takarkari guda. Na farko, kada ya kama hanya da marece a lokacin damina. Na biyu, kada ya keta hanin da mutane suka gada tun kaka da kakanni. Na uku, kada ya aikata komi a kan zato.

Abokansa suka ga ya sayar da zinariya ya sayi iska. Suka wuce da marece, hadari ya taso, aradu ta kashe ɗaya. Ɗayan ya iso bakin kogin da aka hana ƙetarewa da ƙafa, ya ƙi bi ta hannun mai fito, ya shiga, ruwa ya ci shi. Hammadi ya jira gari ya waye, ya shiga jirgin fito, ya ƙetare lafiya, kuma dukiyar ta komo hannunsa har da ta abokan tafiyarsa.

Ga wurin da muka ce ya shafi 'yan bida. Hammadi ya iso garinsu bayan shekara 21. Ya shiga gidansa cikin dare a ɓoye, ya hangi namiji kwance a ɗakin matarsa. Zuciya ta tashi, ya kai hannu ga wuƙa. Sai gargaɗi na uku ya faɗo masa, ya mai da wuƙar, ya fita. Daga baya ya gane saurayin nan ɗansa ne, wanda ya bari a ciki ranar da ya tafi. Da ya bi zuciya, da ya yanka ɗansa da hannunsa.

Mu duka mun san yadda abin yake. Mutum yana Abijan, ko Legas, ko Libiya, shekara biyu, shekara uku, sai wani ya sauka daga mota ya raɗa masa wata magana a kan matarsa, ko a kan ƙanensa da ya bar wa gona, ko a kan kuɗin da yake aikowa. Yanzu ma ba a jiran mota, salula ta isa. Kafin ya bincika ya aiko da saki, ko ya yanke zumunci. Mun ga yara sun zo lakwal ido ya kumbura don an kori uwarsu a kan maganar da ba wanda ya tabbatar. Hausawa dai sun ce zato zunubi ne. Hammadi takarkari guda na zinariya ya biya kafin ya samu wannan gargaɗi, kuma shi ne ya fi amfanarsa.

Labarin bai tsaya nan ba. Hammadi ya zama sarki, amma bai daina neman ma'anar abin da ya gani ba. Bayan shekaru wani almajiri tsoho mai ƙazanta ya zo ƙofar fada, ya ce sai da sarki zai ci tuwo. Dogarai suka so korarsa, Hammadi ya sa aka shigo da shi, suka ci a akushi ɗaya. Ashe Kaidara ne. A daren nan ya warware masa komi. Hawainiya ba ta juya kai sai ido, tana taka ƙasa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaukar launin wurin da ta sauka: haka baƙo mai hankali yake a ƙasar mutane, ya san abin da ya kawo shi, ya yi taka-tsantsan, ya zauna da kowa lafiya. Tafkin nan marowaci ne, sawun barewa kuwa talaka ne mai kyauta da ɗan abin da yake da shi. Mai itacen nan shi ne mutumin da nauyi ya fi ƙarfinsa amma yake ƙara wa kansa, kamar mai cin sabon bashi bai biya tsohon ba.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Daga 1970 ya ajiye manyan muƙamai, ya zauna a unguwar Markori a Abijan, yana shirya takardun da ya tara shekara hamsin. A 1973 ya fitar da labarin Wangaran, wani tafinta mai wayo na zamanin kumandan, wanda ya sani ido da ido, littafin kuma ya ci babbar kyautar adabin baƙar Afirka a 1974. Ya rubuta littafi a kan Annabi Isa a idon Musulmi, don yana son fahimtar juna tsakanin Musulmi da Kirista. Ya rasu ranar 15 ga Mayu 1991. Littattafai biyu na tarihin rayuwarsa sun fito bayan rasuwarsa, a 1991 da 1994.

Muna da roƙo biyu. Iyayenmu tsofaffi, idan yaro ya zo da littafi da alƙalami yana tambayar asalin gari, ko sunayen rijiyoyi, ko yadda aka yi a shekarun yunwa, ku yi haƙuri ku zaunar da shi. Ku kuma 'yan'uwa na wajen bida, in wata magana ta iso muku daga gida, ku kwana a kanta, ku tambayi mutum biyu ko uku masu amana kafin ku yanke hukunci.

Allah ya ji ƙan Amadu Hampate Ba da malaminsa, ya ji ƙan magabatanmu, ya komo da matafiyanmu gida lafiya. Amin.